Baƙar Karta a Kan Gidana

A gidanmu na Garbadu, da a kama ka da karta gara a kama ka da kazar maƙwabta. Mahaifinmu malami ne, manyan mutane ke zuwa ɗaukar karatu a zaurensa, kuma a wurinsa karta caca ce ko da ba a aza ko kwabo ba. Duba kuwa ba a ma kawo zancensa. Tun muna ƙanana ya sha gaya mana abin da ke kan wanda ya je wurin mai duba ya gaskata shi. Na fara da wannan ne don kada wani ya yi mini uzurin da ban cancanta ba. Na sani sarai. Da sanina na zauna gaban karta, kuma a kan abin da ta nuna na ba da 'yata.

Mu biyu ne mata a ɗakinmu, ni da Yaya, wadda ta girme ni da shekara shida. Mahaifiyarmu ta rasu ina da shekara goma sha ɗaya, daga nan Yaya ta zama uwata. Ita ke yi mini kitso, ita ke shiga tsakani idan bakina ya jawo mini duka, kuma yakan jawo, domin ni tun ina ƙarama ba a taka ni in yi shiru. Yaya kuwa da wuya a ji muryarta. Idan ta faɗi magana ban taɓa tsayawa in auna ba, kamar yadda mutum ba ya shinshina ruwan randar gidansu kafin ya sha.

Da aka yi mata aure sun fara zama a Talata Mafara, a gidan haya, cikin ma'aikatan noman rani. A nan wata maƙwabciyarta, matar wani mai gyaran injin ban-ruwa, wadda ba 'yar ƙasarmu ba ce, ta koya mata duba da karta. Karta ce irin wadda samari ke bugawa a bayan tasha, babu wani abu na daban a jikinta. Yaya ta naɗe ta a tsohon ɗankwali ta ajiye a kwanon ƙasa na jerenta, inda ba mai buɗewa. Idan na je mata hutu, da maigidanta ya fita kasuwa sai mu tura ƙofa, ta kife babban faranti a kan tabarma ta baje kartar a bayansa.

Tsarin nata ba shi da wuya. Jajaye alheri ne, baƙaƙe damuwa. Ja mai zuciya gida ne da ƙauna, ja mai kusurwa huɗu arziki ne ko saƙo. Baƙi mai ganye uku tafiya ce ko wahalar aiki, baƙi mai kama da kan mashi kuwa cuta da rabuwa. A cikinsu duka akwai ɗaya da ba a son gani, mai kan mashi ƙwaya ɗaya, babba, shi kaɗai a tsakiyar farin fili. Baƙin baƙo take ce mata, kuma duk sa'ad da ta fito sai Yaya ta yi a'uziyya ta tattara kayanta.

Wasa muka ɗauke shi. Ta ce mini za a yi baƙi, ko zan sami sabon zane da salla. Ta taɓa ce mini wani dogo daga gabas zai aure ni, na yi ta al'ajabi da abin ya tabbata. Ashe a lokacin danginsa, mutanen garin Kaya, sun riga sun je wurin Malam har sau biyu, kuma ita ta sani. Da na gane daga baya dariya kawai na yi, na ce Yaya ba ki da dama.

Dogon nan shi na aura, manomin shinkafa da albasa, mutum mai haƙuri wanda ya iya zama da mai baki irina. Aka kai ni Kaya ta ƙasar Maradun, su Yaya kuma suka koma Bakura, garin maigidanta. Mafara ce a tsakaninmu, duk mai zuwa wurin 'yar uwarta sai ta sauka can ta sake mota.

Ɗana na fari namiji ne, ya rasu yana da wata bakwai. Ta biyu mace, ta fara tafiya tana bin bango, zazzaɓin damina ya ɗauke ta cikin kwana huɗu. Da na haifi ta uku, tsofaffin gidan suka fara raɗa cewa wabi nake yi. Suka ce a kai jaririyar kan juji a ajiye, a sa wata ta tsinto, a ba ta sunan yasarwa don mutuwa ta raina ta. Na buɗe baki na ce ni 'yar malamai ce, ba a yi mini wannan shirmen da 'yata. Har da ɗaga murya na faɗa, kowa ya ji. Yaya kuma a lokacin ta kusa shekara goma a ɗakin miji, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, ta gaji da asibiti ta gaji da sassaƙe.

Yarinyar ta yi kyau har ta kusa yaye, sannan gudawa ta kama ta. Ta rame, idanunta suka faɗa, wuyanta ya zama kamar na ɗan tsako. Duk wadda ta taɓa binne biyu ta san abin da nake ji idan na ɗaga ta na ji ba nauyi. Wata Talata na goya ta, na ce da maigidana zan kai ta asibitin Mafara. Na kai ta, aka ba mu magani da gishirin haɗawa a ruwa, amma maimakon in juya gida sai na shiga motar Bakura.

Da hantsi na isa. Bayan mun gaisa, Yaya ta karɓi yarinyar ta kwantar a gadonta, ta daɗe tana kallonta. Ni na fara kawo zancen, wannan ba zan ɗora mata ba.

Na ce, "Yaya, ɗauko abin nan ki duba mani ita."

Ta ce, "Ke, ki ji tsoron Allah. Wanga abu wasa na, ba a sa shi ga maganar rai."

Na ce, "Ni dai ɗauko. Kwanana ukku ban runtsa ba."

Sai da na yi kuka sannan ta tashi ta tura ƙofa. Ta kife farantin, ta zaro karta uku ta jera a buɗe. Ta nuna ja mai zuciya ɗaya ta ce, "Wanga gidanki na." Ta nuna ja mai kusurwa huɗu ta ce, "Wanga wani gida na daban, ko na wa." Ta aza ƙaramar ja mai zuciya biyu a tsakaninsu ta ce, "Wagga ɗiyakki ta." Ta cakuɗa sauran, ta miƙo mini na raba da hannun hagu.

Ta ce, "Ruhe ido, ki kira sunanta da naki cikin ranki sau ukku. Kar ki buɗe sai na ce."

Na rufe, na kira. Da na buɗe, akwai karta ɗaya a kife a kan kowane gida. Ta ce in juya su da hannuna. A kan wancan gidan ja ce, mai zukata da yawa. A kan gidana baƙin baƙo ne.

Na ce a sake. Muka sake, na raba da hannuna, na rufe ido, ita ce dai ta fito a kan gidana. Muka yi na uku, haka. Karta hamsin da wani abu, a ce ɗaya tak ta faɗo wuri guda sau uku a jere. Yaya ta tattara kartar tana hawaye, ta ce mu bari sai wata Talata, wataƙila ranar ce ba ta da kyau. Talatar da ta zagayo na sake ƙirƙiro dalilin asibiti na dawo, aka sake yi sau uku, ba abin da ya canza.

Na ce, "Mi kig gani, Yaya? Gaya mani."

Ta ce, "Abin da tag gwada shi na, yarinyag ga ba ta yin rai ƙarƙashin ruhinki. Ko'ina ta zauna ta tashi, ban da can."

Ba ta ce in ba ta ba. Ko da wasa ba ta faɗa ba. Har cewa ta yi in kai ta wurin kakarta, uwar maigidana, alhali ta san gida ɗaya muke, katanga ɗaya ta kewaye mu. Garbadu kuma babu uwa. Na duba gabas na duba yamma, babu kowa sai ita. Ni na roƙe ta. Na durƙusa a tsakar ɗakinta na riƙe ƙafarta na ce ta taimake ni ta riƙe mini yarinyar. Duk abin da ya faru, wannan durƙuson ne ya fi ci mini rai idan na tuna.

Hanya kuwa a buɗe take, domin al'ada ce idan za a yaye yaro a kai shi wurin wata 'yar uwa ya yi mako ɗaya ko biyu har ya manta da nono. Na ce Yaya ce za ta yi yayen, ba wanda ya ga laifi. Na dawo Kaya bayana ba kowa, nono ya cika ya yi tauri, na ɗaure ƙirjina da zane ina aikin gida ina cije baki. Da mako biyu suka cika, maigidana ya ce gobe zai je ya ɗauko ta. Na ce a bar wa Yaya ita riƙo.

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Ɗiyad da munka samu da kyar, ita za ki ba wani?"

Na ce, "Yaya ai ba wani ta ba. Shekara sha ɗaya tana kallon ɗiyan mutane."

Ya zan yi in gaya masa gaskiya? In ce karta ce ta ce? Ni da na tara gida na yi wa tsofaffi wa'azi a kan juji? Maigidana ya ce tunda ni da na haife ta na ga zan iya, shi ba zai hana zumunci ba. Uwarsa ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata da kyau. Da labari ya kai Garbadu kuwa, Malam ya aiko aka kira ni, ya ce, "Allah shi yi maki albarka, haka aka son 'yan uwa." Na sunkuyar da kai na ce amin, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

A Bakura yarinya ta warke. Cikin wata biyu ta yi kumatu, ta fara gudu a tsakar gida. Yanzu na san gudawar haƙori takan zo ta wuce, na kuma san gidan Yaya ruwan famfo suke sha, mu kuwa na rijiyar bakin fadama. A lokacin ban ga wannan ba. Abin da na gani shi ne karta ta faɗi gaskiya, Yaya ta ceci 'yata.

Bayan ita na haifi uku, maza biyu da mace, duka a wannan gidan, duka suka rayu. Mai hankali da ya tambayi kansa. Ni ma na tambaya, da ta kai shekara shida za a sa ta makaranta, na je Bakura na ce ko lokaci ya yi da za ta dawo. Yaya ba ta musa ba, ta ce mu duba tukuna. Ta kife faranti, na raba, na rufe ido. Baƙin baƙo a kan gidana. Ta ce abin a kan wannan yarinyar kaɗai yake, bai shafi ƙannenta ba. Ta ƙara da cewa ziyara ba laifi, amma kada ta wuce kwana uku a Kaya, na huɗun ba a san abin da zai zo da shi ba.

Wannan kwana ukun shi ya gama da ni. Duk hutun da aka kawo ta, daga ranar da ta sauka nake lissafi. Ba na sakin jiki da ita, ba na zama in yi mata kitso a natse, sai taɓa goshinta da tambayar ko cikinta na ciwo. Ranar ta uku tun da safe na haɗa mata kaya. Akwai wata ƙaramar salla, tana da shekara takwas, an yi musu lalle ita da ƙanwarta, an ɗinka musu kaya iri ɗaya. Kwana ukunta suka cika ana gobe salla. Ta ce ita a nan za ta yi salla, ta riƙe ƙyauren ɗakina da hannu biyu tana kuka. Na daka mata tsawa, na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, lallen ma bai gama kama su ba, na miƙa ta ga ƙanin maigidana ya kai ta mota. Maigidana ya ce bai taɓa ganin zuciya mai tauri irin tawa ba. Matan gida kuwa suka ce kara ce, ai ita ce babba a cikin rayayyu, dole uwa ta yi mata kunyar 'yar fari. Na bar su a kan haka, na shiga ɗaki na yi kukan da ba wanda ya ji.

Daga wannan sallar ba ta sake roƙon ta zauna ba. Ta san ni na haife ta, ba a ɓoye mata ba, amma Yaya take kira Inna, ni kuma Innar Kaya. Idan ta zo takan gaishe ni da ladabi, ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ranar ta uku kafin in ce komai jakarta na bakin ƙofa.

Tana da shekara goma sha shida ta zo wani hutu. Rana ta biyu, bayan azahar, maigidana yana fadama, ina madafa ina tankaɗe, sai na ji ƙannenta na ta shewa a rumfa. Na leƙa. Babbar ta kife farantina a kan tabarma, karta a hannunta, ƙanwarta na zaune gabanta ido a rufe. Kafin in ƙarasa, ƙaramar ta buɗe ido ta juya kartar da ke gabanta. Baƙin baƙo ne.

Ban san lokacin da na yi salati na watsar da farantin da ƙafa ba. Na fizgo ƙaramar na rungume. Ita kuwa babbar ta dube ni da mamaki, sai dariya ta kama ta.

Ta ce, "Innar Kaya, mi na na? Wallahi wasa na. Ni na aza ta da hannuna don in tsorata ta. Tsaya ki gani."

Ta tsince kartar, ta sake kife farantin. Ta ɗauki baƙar ta tura ƙarƙashin bakinsa, ta wajen gwiwarta, inda zanenta ya rufe.

Ta ce, "Wagga ba ta shiga cikin sauran ko sau guda. Nan taka zama. Ki cakuɗa, ki ba mutum shi raba yadda yaka so. In ya ruhe ido sai ki jawo ta da yatsa ki aza inda kika so."

Ta yi a gabana idona a buɗe. Ko ƙiftawa biyu ba a yi ba kartar ta fito ta hau inda ta nufa, babu ko ƙara.

Na ce, "Wa yak koya maki?"

Ta ce, "Inna mana. Tac ce da haka taka hana mata abin da za ya cuce su. Akwai wadda taz zo za ta sai da gonar gadonta, Inna ta hiddo mata ita sau ukku, ta hwasa."

Na koma madafa na zauna a kan turmi. Garin da nake tankaɗe kaji suka hau suna ci, ina kallo ban kore su ba. Ba baƙin ciki na fara ji ba, fushi ne. Shekara goma sha huɗu. An ce da ɗan gari akan ci gari, to ni da uwar ɗakina aka ci ni, wadda ta goye ni, wadda ta san inda kaburburan 'ya'yana biyu suke domin ta zo gaisuwa ta yi kuka tare da ni. Ta san daidai inda zan ji tsoro, nan ta sa yatsa.

Washegari jakar yarinyar na bakin ƙofa kamar kullum. Na ce ta ƙara kwana. Ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba, ta ce Inna na jiranta. Sai na ɗauki mayafina da jakata na ce muje, ni zan raka ta. Daga Kaya zuwa Mafara, daga Mafara zuwa Bakura, kafaɗarta na gugar tawa a mota.

Mun tarar da Yaya a tsakar gida tana baza shinkafar da ta turara a kan tabarmi, tana ɗingisa ƙafa, domin gwiwa ta fara damunta. Ta yi murna da ganina. Muka gaisa yadda aka saba, gajiya, mutanen gida, maigidan, yara ɗaya bayan ɗaya, aikin fadama, zafin rana, ban tsallake ko ɗaya ba. Ta aiki yarinyar ta sayo nono a dama mini fura. Na jira har na ji ta fita zaure.

Na ce, "Yaya, ina baƙin baƙo ka zama in an ce mutum shi ruhe ido?"

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Na zaci za ta rantse, ko ta ce yarinya ce ba ta fahimta ba. Da ta yi haka da na sami abin kamawa in yi faɗan da na ƙunso tun daga Kaya.

Ta ce, "Ta gwada maki."

Na ce, "Ta gwada mani."

Ta kakkaɓe hannunta ta zauna a bakin tabarma ta ce, "To, ta rayu ko ba ta rayu ba?"

Na ce, "Allah yar raya ta, ba ke ba."

Ta ce, "Ban ce ni ba. Amma kin kawo mani ita tana ƙarewa, kin binne biyu, ni ko ɗakina ko kukan jinjiri bai taɓa ji ba. In nic ce ki ba ni, kina ba ni?"

Na ce, "Da kin tambaya."

Ta ce, "Na san ki tun kina zanen goyo. Da kin ba ni wata biyu, ran da ranki yaɓ ɓaci ki zo ki ɗauke abinki."

Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ya ƙara tunzura ni. Na ce na ji na farko, a ce tausayi ne, a ce tsoro ne. Na biyun fa? Ranar da na zo tana da shekara shida, lafiyarta lau, na ce ta dawo gida? Kwana ukun nan fa, wa ya aike ta ta ƙirƙiro shi? Na gaya mata ranar jajiberin salla, da ƙyaure, da yatsun yarinyar. Muryata ta tashi har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta koma.

Yaya ta ce, "Tsoro nika ji ta saba da ku."

Ko haƙuri ba ta ba ni ba. Hawaye na zubo mata, amma na riga na ga hawayenta a kan faranti, ban san kuma wanne zan gaskata ba. Muka ji motsin yarinyar a zaure. Yaya ta share fuska da gefen zane ta ce a hankali, "Ga ta nan tahe. In kina son ki gaya mata, ban hana ki."

Yarinyar ta shigo da kwanon nono. Kallo ɗaya ta yi wa Yaya ta ajiye kwanon, ta durƙusa gabanta ta ce, "Inna, mi ka damunki? Ƙahwar ta? Na ce ki bar shinkahwag ga sai na dawo." Ta kama ta ta tayar, ta kai ta inuwa, ta dawo ta ci gaba da bazar shinkafar. Ni ko duba fuskata ba ta yi ba, ga idanuna jawur.

Ban gaya mata ba. Me zan ce? Cewa matar da ta raine ta maƙaryaciya ce, wadda ta haife ta kuma ta bayar da ita a kan karta? Da na faɗa, uwa ɗaya da take da ita zan ƙwace mata, ba kuwa don ta sami wata ba. Har yau maigidana bai sani ba, Malam ya rasu yana sa mini albarkar zumunci. Ina zuwa Bakura idan an yi rasuwa ko suna, ina gaida Yaya, tana amsawa. Ban yafe mata ba, kuma ba zan rubuta cewa na yafe don a ce ina da kirki ba.

Furar da aka dama ranar ban sha ba, karo na farko ke nan da na ƙi abincin hannun Yaya. Na ce rana na yi, hanya ba ta da kyau da yamma. Yarinyar ta ɗauki jakata ta rako ni tasha. Muna tafe ina kallon tafiyarta, irin ta ubanta sak, dogayen taku. A bakin motar Mafara na tattaro duk ƙarfin da ya rage mini.

Na ce, "In an yi dogon hutu ki zo ki daɗe. Wata guda, ko biyu. Gidanku na."

Ta yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo mai kirki, ta ce, "To, in Allah ya so. Sai dai Inna ba ta iya aiki ita ɗai yanzu."

Mota ta cika, direba ya tayar. Ta miƙo mini jakar ta taga, ta gyara mini gefen mayafina da ƙofa ta kama.

Ta ce, "Allah shi kiyaye hanya, Innar Kaya. Ki gaida yaranki."

Na ce, "Za su ji."